Kowa na son satifiket, amma wa zai buɗe ajin?

Duk wanda ya neme ni a waya kan maganar reshen ƙungiyarmu, tambayarsa ba ta wuce biyu: yaushe za a fara ajin CPIM, wato satifiket ɗin ƙwarewa a tsara samar da kaya da kula da sito, kuma nawa ake biya. Har yau ban ji wanda ya kira ya ce, "Malam, wane aiki zan kama muku?" ba. Ban ga laifinsu ba. Satifiket shi ake liƙawa a bayan suna, shi ake nunawa wajen neman aiki ko ƙarin girma. Riƙe littafin ma'aji kuwa ba ya fitowa a takardar kowa.

Sana'ata tsara samar da kaya ce a masana'anta: me za a haɗa, yaushe, da wane kaya, kuma me za a yi oda tun kafin inji ya tsaya jiran abin da babu a sito. A gefe guda ni ke kula da harkar karatu a reshenmu na ƙungiyar masu wannan sana'a. Aikin sa-kai ne, ba albashi, ba alawus.

Uwar ƙungiyar da ke ba da satifiket ɗin da kowa ke nema, APICS, an kafa ta a Amurka a 1957, kuma manajoji 20 masu kula da tsara aiki a masana'antu ne suka soma ta. A farkon shekarun 1970 ta shiga gangamin yaɗa MRP, hanyar lissafin buƙatar kayan haɗi da kwamfuta, wadda sunayen Joseph Orlicky na kamfanin IBM da Oliver Wight da George Plossl suka yi fice a kanta. A 1973 ta fito da CPIM. CSCP ya biyo baya a 2006 don masu kula da tafiyar kaya tun daga mai kawowa har zuwa mai saye, sai CLTD a 2016 don masu sufuri da rarraba kaya. Yanzu ƙungiyar tana amsa sunan ASCM, amma satifiket ɗin suna nan da sunan APICS. Hedikwata ce ke tsara manhaja, ita ke shirya jarrabawa, ita ke ba da sakamako. Amma ɗakin da ake zama da yamma bayan an tashi aiki, da wanda zai tsaya gaban allo, da wanda zai tuna wa ɗalibai ranar rufe rajista, duk a wuyan 'yan sa-kai suke.

Su kansu ɗaliban abin tausayi ne, don jarrabawar CPIM ba wasa ba ce. Da can kashi biyar ce, a 2017 aka mayar da ita biyu, a 2023 kuma aka dunƙule ta zuwa guda. Ana ba da maki daga 200 zuwa 350, kuma sai ka kai 300 ka tsallake. Mutum ya wuni yana fama da odar da ta makara, ya zo ya zauna yana lissafin hasashen buƙata da idanu jajir.

Amma a ajin ne nake ganin abin da ya sa ban ajiye aikin ba. Akwai wata mai kula da sito da ta daɗe a aiki fiye da yawancinmu. Ranar da muka zo kan lokacin da ya kamata a sake oda, na rubuta misali a allo: ana cin guda 40 kullum, mai kawo kaya yana ɗaukar kwana 10, ana ajiye 100 na ko-ta-kwana, saboda haka da zarar kaya sun sauko 500 sai a tura oda. Ta dubi allon ta ce, "Malam, ai wannan shi ne jan layin da na shafa a jikin kanta." Ta daɗe tana yin lissafin da ido da fenti. Abin da ajin ya ƙara mata shi ne iya kare layin nan a gaban manajan kuɗi idan ya ce kaya sun yi yawa a sito, da sanin cewa idan mai kawowa ya koma kwana 15, layin sai ya hau zuwa 700. Littafi ko bidiyo a intanet zai ba ka ƙa'idar. Ba zai ba ka irin wannan mai kula da sito a kujerar da ke kusa da kai tana gaya maka inda ƙa'idar ke karyewa ranar da aka ƙirga kaya aka ga ba su yi daidai da na kwamfuta ba.

To ga inda abin yake ba ni dariya, wani lokaci kuma haushi. Mu ne muke koya wa mutane cewa kada su dogara da mai kawo kaya guda ɗaya. Mu ne muke cewa a nemo injin da ke riƙe duk layin aiki, domin saurinsa shi ne saurin masana'antar gaba ɗaya. Sai ka leƙa kwamitin reshe ka tarar mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin akwatin imel, mutum ɗaya ne banki ya san sa hannunsa, malami ɗaya ne ke iya koyar da babin tsara ƙarfin injuna. Shugaban bana shi ne sakataren bara, kuma shi ne ma'ajin baɗi. Kujeru kawai ake musaya. Ranar da aka yi wa ɗaya daga cikinsu canjin wurin aiki, aji ya tsaya cak. Da a masana'anta muka ga irin wannan, da tuni mun rubuta rahoto mai shafi goma.

A ganina matsalar lissafi ce, kuma lissafin da muka fi kowa iyawa ne. MRP ba ya tsayawa kan abin da kake da shi yau kawai. Yana farawa daga ranar da ake buƙatar kaya, ya ja da baya da lokacin jiran kowane abu, ya gaya maka ranar da za ka saki oda. Shugaban reshe ma yana da lokacin jira. Kafin mutum ya iya riƙe kujerar, sai ya ga yadda ake shirya taro, ya zauna a kwamiti ya ji yadda ake gardama kan kasafi, ya riƙe ɓangare guda har ya ga ƙarshen shekara. Wannan ba ya kasa shekara uku ko huɗu. Ke nan wanda zai shugabance mu nan gaba, yanzu haka ya kamata a ce yana karɓar sunaye a bakin ƙofa. Mu kuwa sai wata ɗaya kafin zaɓe muke fara kiran waya, muna roƙon mutane kamar masu neman rance.

Ga kuma wata dama da muke bari tana wucewa. Satifiket ɗin ba na har abada ba ne. Duk shekara biyar sai mai CPIM ya tara maki 75 na ci gaba da koyo kafin a sabunta masa, kuma cikin hanyoyin tara su akwai halartar taruka, da koyarwa, da yi wa sana'ar hidima, kamar riƙe muƙami a reshe. Yawancin ɗalibai ba sa jin wannan sai sun ci jarrabawa sun watse. Wani abokin aikina a kwamiti ba ya son a ambaci makin. Yana cewa wanda ya zo don maki ba zai daɗe ba. Ni ban damu da abin da ya kawo mutum ba. Idan ya shirya mana ziyarar masana'anta guda, ya samo izini, ya tabbatar kowa ya zo da takalmin kariya, aiki ya yi, kuma a hanya zai san mutane goma da bai sani ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe tare da mu, wata buƙata tasu ce ta fara kawo su.

Abin da ke korar mutane, a lura ta, girman abin da muke miƙa musu ne. Ka ce wa sabon mamba ya zama mataimakin shugaba mai kula da shirye-shirye na shekara biyu, sai ya ce zai yi shawara da iyali, shi ke nan ba ka sake ganinsa. Ka ce ya gabatar da baƙo mai jawabi a taron wata mai zuwa, minti uku, zai yi. Tsohon ɗalibin da ya ci jarrabawa bara ba sai ya ɗauki aji duka ba. Ya zo ya warware tambayoyin gwaji na dare ɗaya, malami na zaune a baya. Daga nan ake gane mai iya tsayawa gaban mutane.

Shi kuma wanda ya karɓi aikin, akwai abin da yake samu wanda ba ya cikin manhaja. A wurin aiki idan na ce a kawo rahoto ranar Litinin, albashi ne ke magana a bayana. A reshe babu takardar tuhuma, babu ƙarin girma. Idan ma'aji bai kawo lissafi ba, sai dai in san yadda zan tambaye shi har ya kawo kuma ya dawo taro na gaba. Mai tsara samar da kaya ma haka rayuwarsa take: ba shi ne ubangidan sashen saye ba, ba shi ne na sashen sayarwa ba, amma sai sun motsa aikinsa zai yiwu.

Akwai wata damuwa da ba mu warware ba. Kuɗin aji shi ne babban abin da ke riƙe reshe, kuma yanzu mutane da yawa suna sayen kayan karatu su yi a intanet su kaɗai, ba sa bi ta kanmu. Wanda bai zauna a aji ba, ba mu san shi ba, balle mu ba shi aiki. A zaman kwamiti mai zuwa zan kawo shawara biyu: mu buɗe daren warware tambayoyi kyauta ga masu karatu su kaɗai, sannan kowane mai muƙami ya kawo sunan wanda zai koya wa aikinsa, da takarda ɗaya da ke bayyana abin da yake yi kowane wata. Ma'ajinmu ya riga ya ce tasa ba za ta shiga shafi ɗaya ba. Na ce ya kawo biyu.