Daga Damagaram zuwa Maraɗi, da aikin shok ɗin gaba

Tsakanin Damagaram da Maraɗi tafiyar kilomita 230 da ƴan kai ce a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kuma babban babur irin nawa, ɗan Japan mai cc 650 da na saya na hannu, ba ya ɗaukar wannan nisa a bakin komai. Na wuce Takeita lafiya, na tsaya Tasawa na sayi kilishi. Bayan Gazawa ne na fara jin gaban babur yana nutsewa da zarar na taɓa birki, idan kuma na hau tudun rage gudu sai ya doki ƙasa har in ji a kafaɗuna. A Agye na duba, na ga mai ya jiƙa bututun shok na hagu, ƙura ta manne masa, yana gangarowa wajen faifan birki. Man da ya taɓa faifai ya kashe birki, don haka na ƙarasa sauran hanyar a hankali.

A wani shinge kafin shiga Maraɗi wani jami'i ya karɓi takarduna, ya jujjuya su, ya ajiye ni cikin rana ba tare da ya amsa sallamata ba, alhali babu abin da ya rage a cikinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a wurinmu ko za a tsare mutum sai an fara gaisawa.

Abokin kasuwancin yayana, wani Alhaji a unguwar Zariya, shi ya sauke ni, ya hana ni zancen masauki, da safe kuma ya haɗa ni da ɗansa zuwa wurin wani dattijon makanike. Rumfarsa cike take da ƙananan baburan ƴan kabu-kabu, har na yi zaton ba zai san kan babbar na'ura ba. Ya danna gaban babur sau biyu, ya shafa bututun da yatsa, ya ce: "Malam, robar da ke tare mai ta mutu, amma man da ke ciki ya riga ta mutuwa. Kada ka bari kowa ya zuba maka man inji a nan." Na ce: "Baba, ai shi na ga ana zubawa a garinmu." Ya ce nan ma haka yara suke yi, shi ya sa baburansu ke tsalle.

Neman man ya ci mana rabin safiya. Maraɗi gari ne na fatauci, kayan Najeriya na kwararowa ta Ɗan Isa, amma man shok na gaske sai a shago ɗaya muka same shi kusa da babbar kasuwa, mai kauri 10W. Mai shagon ya sa kwalba jika goma sha biyu, muka yi ta ja har ya sallama biyu a jika goma sha takwas, ya ƙara mini sababbin robobi da rangwame. Ɗan kasuwar Maraɗi yana ciniki da fara'a, yana kiranka maigida, amma ba ya sakin dala sai ya ga ka juya baya da gaske. Duk da haka na tabbata a Damagaram da sai na aika Kano an sayo mini.

Aikin kansa shi ne abin da ya fi burge ni a tafiyar. Kafin ya cire taya sai ya sassauta maƙalin sama da ke riƙe bututun shok, ya ɗan kwance murfin kowane bututu tun yana riƙe a jikin babur, domin idan an zare shi babu abin da zai riƙe shi a murɗa. Ya danne murfin da tafin hannu lokacin cirewa saboda sifirin ɗin da ke ciki yana iya harbo shi a fuskar mutum. Man da ya zubo ya yi toka-toka, yana wari kamar ruwan kwata, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a gindin kwano. Ya wanke komai, ya bi bututun da farce yana neman tsatsa ko ƙwarzane da zai sake yanka sabuwar roba, ya gwada tsawon sifirin biyun gefe da gefe.

Da ya zuba sabon mai sai ya yi ta tura bututun sama da ƙasa a hankali har kumfa ta daina tasowa. Sannan ya danne shi har ƙasa, babu sifirin a ciki, ya auna daga bakin bututu zuwa saman mai gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa, ya zuƙe rarar da sirinji, ya maimaita a ɗaya bututun har suka zo daidai. Iskar da aka bari a sama ita ma aiki take yi: idan mai ya yi yawa gaba ya sandare, idan ya yi kaɗan ya riƙa dukan ƙasa. Mutanenmu suna kula da man inji sosai, amma wannan man, wanda ya kamata a canza kusan duk shekara biyu, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu ma kafin haka, sai babur ya tsufa ba a taɓa buɗe shi ba. Dattijon ya nemi jika biyar kuɗin hannu, na ba shi bakwai, kuma har yanzu ina ganin ya yi mini araha.

Washegari na gwada babur a hanyar Madarunfa, na zagaya bakin tabki, gaba yana haɗiye ramuka ba tare da ƙara ba. Na leƙa Tibiri da yamma. Ranar komawa na tsaya Cadawa da Tasawa na shafa bututun biyu, na same su a bushe, na shiga Damagaram kafin la'asar.