Numfashin da ya shiga hoton ƙwaƙwalwa

A watannina na farko a ɗakin bincike, hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ne a gabana. Bel ɗin da ake ɗaura wa mutum a ƙirji don auna numfashi, da ɗan abin da ake maƙala masa a yatsa don bugun zuciya, na ɗauke su ƙarin wahala. In bel ya saki, sai in ce a ci gaba.

Aikinmu shi ne nuna wa mutane hotuna masu tayar da hankali suna kwance cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, mai ƙarfin Tesla 3 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Da na gama lissafi, sai ga wurare da yawa sun yi jawur a taswirar ƙwaƙwalwa, alamar cewa wuraren suna aiki. Na kai wa malamata da murnata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina bayanan numfashinsu?"

A nan ne abin da na karanta ya zauna mini a kai. fMRI, wato hanyar bin aikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, ba ta ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki. Sauyin oksijin a cikin jini take bi, hanyar da masanin kimiyya Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, kuma sauyin ba ya kai ƙololuwa sai kimanin daƙiƙa 5 bayan ƙwayoyin sun yi aiki. To, mutum in ya tsorata yakan riƙe numfashi ko ya ja dogo. Hakan na canza yawan iskar kabon dayoksaid a jini, jijiyoyin jini su buɗe ko su tsuke, sigina ta motsa kusan ko'ina. Ashe wani ɓangare na jan da na gani, huhu ne ya zana shi.

Zuciya ma da nata. Na'urarmu tana ɗaukar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya duk daƙiƙa 2, zuciya kuwa ta fi haka sauri, sai bugun ya ɓad da kama, ya fito kamar wani sauyi mai tafiyar hawainiya. Akwai hanyar tace shi, RETROICOR, wadda Gary Glover da abokan aikinsa suka wallafa a 2000, amma sai an san lokacin kowane bugu daidai. Ni kuwa ban haɗa agogon na'urar da na kwamfutar da ke naɗar bugun ba. Bayanan wasu mahalarta haka suka tafi a banza, mutanen da suka ba mu sa'a guda suna jure ƙarar na'ura. Har yau abin yana damuna.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sanin inda zan tsaya da tacewa. Saurin bugun zuciya ai yana cikin tsoron da muke nazari. In ka share shi duka, ka share wani yanki na amsar da kake nema. Shi ya sa yanzu nake lissafi sau biyu, da tacewa da babu, in kwatanta.

Kafin a tura mutum cikin na'ura kuwa, nakan ce ya ja dogon numfashi sau uku ina kallon allo. Sai na ga layin numfashin ya hau ya sauka, kuma alamar farawa ta iso daga na'urar, sannan in ce a soma.