Ƙurajen leɓen Gwaggo

Yau a gidan suna gwaggona ta miƙo hannu za ta karɓi jaririyar, sai na hango ƙuraje masu ruwa a gefen leɓenta. Na san halinta, ba ta ɗaukar jariri ba ta sumbace shi ba. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, yau dai kada bakinki ya taɓa ta." Ta ce ai zazzaɓin da ta yi ne ke fita. Ɗakin ya yi tsit, kunya kamar in nutse.

Zazzaɓin ya taso su, gaskiya ne, amma ƙwayar cuta ce mai suna hapis. Tana kwance a jiki, zazzaɓi ko zafin rana ko gajiya su tashe ta, kuma ana ɗauka ta sumba ko sha da kofi ɗaya. Ga jariri sabon haihuwa tana iya zama babbar cuta. Daban take da farin gyambon nan na cikin kumatu, wanda cizon kumatun ko ƙarancin jini ko damuwa ke kawowa. Shi ba a ɗauka, yakan warke cikin mako 2, in ya haura 3 sai asibiti. Har na fito Gwaggo ba ta kalle ni ba. Gobe da safe zan je in gaishe ta.