Na je Mararaba da ƙafata kafin in ɗauko iyali

Tun ranar da takardar canjin wajen aiki ta fito aka ce in koma Abuja, maganar gida ce ta hana mu barci ni da maman yara. Kuɗin hayar cikin gari, su Wuse da Garki, ko tambaya ban yi ba don na san albashina, kowa kuma sai ya ce ai Mararaba ce daidai da aljihunka, amma da an faɗi haka sai wani ya karɓe da cewa kai Mararaba? Wajen 'yan wan-cans masu fashi a motar haya, da ƙazanta da gosulo zaka kai mata da yara uku? Maman yara har cewa ta yi, "Abbansu, ni dai gara ka bar mu a Kaduna kana zuwa ƙarshen sati." Toh ni a Rigasa na tashi, na san yadda suna ke bin unguwa, mutumin da bai taɓa kwana a cikinta ba shi ya fi kowa labarinta, shi yasa na ce sai na je na gani.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa, na sauka tashar Idu a Abuja, daga nan mota zuwa mahaɗar AYA, sai na shiga ta Nyanya. Lahadi ce hanya fayau, muka wuce barikin Mogadishu muka gangara Kugbo, duwatsun nan a gefe, kafin ka ce me har mun wuce gadar Karu. A tashar Nyanya na yi shiru, don nan ne bam ya tashi ranar 14 ga Afrilun 2014 da safe mutane na shirin tafiya aiki, sama da mutum 70 suka rasu, Allah ya jiƙan Musulmi ya kyauta namu zuwan. Gaba kaɗan ka bar Abuja ka shiga jihar Nasarawa, ƙaramar hukumar Karu, amma wallahi in ba a nuna maka ba baza ka gane ba, sai dai ka ga 'yan acaɓa sun cika gefen titi, tunda a cikin birnin an hana su tun 2006.

Ɗan kawuna ne ya tarbe ni, yana sayar da albasa a kasuwar Orange. Kasuwar nan ta ɗan kwantar min da hankali gaskiya, motoci na sauke tumatur da attaruhu da lemo da kankana, Hausa ko ta ina kamar kana Kasuwar Bacci, ga masallaci ga mai shayi. Ya ce min "Yaya, cefane dai ba zai dame ku ba, matan cikin Abuja ma nan suke zuwa sari." Amma ƙasa caɓal take da ruɓaɓɓen kaya, bola a tsakiyar titi, kwatoci a cushe, wannan kam masu faɗa basu yi ƙarya ba.

Da yamma dillali ya zagaya da ni gida uku. Abin da na lura shi ne Mararaba ba abu ɗaya bace, bakin titi daban, ciki daban. Na farko ciki da falo ne a bayan kasuwa, gidan haya mai ɗakuna jere, banɗaki ɗaya na kowa da kowa, ƙofar gida kuma mashaya ce da kiɗa tun la'asar, ko zama ban yi ba. Na biyu fulat ne mai kyau da tayil amma a gangare yake, na duba katanga na ga layin da ruwa ya bari ya kai gwiwata, dillalin na ta cewa ai tsohon abu ne an gyara, na dai yi masa godiya muka wuce. Sai na uku can cikin hanyar Aso, ka bar kwalta ka yi tafiyar kamar minti 10 a ƙasa, ɗaki biyu da falo, gida mai get, akwai bohol da tanki a sama, kowane ɓangare da mitarsa. Na buɗe famfo da kaina na jira, ruwa ya zo, na ɗiba a hannu na sunsuna. Wannan ba ƙaramin abu bane don a lungun da muka baro 'yan ga-ruwa ne ke ta tura kura da jarkoki, iyali mai yara uku in da sayen ruwa zasu rayu ai rabin kuɗin cefane ya tafi.

Na yi magariba a masallacin layin, bayan sallah na zauna da wani dattijo da ya ce rusau ɗin Abuja na zamanin El-Rufai yana minista ne ya koro shi nan, ya sayi fili wajen 'yan ƙasa Gbagyi lokacin duk gona ce. Na ce "Baba, tsakani da Allah mutum zai iya ajiye iyali a nan?" Bai yi saurin amsawa ba. Ya nuna min shingen ƙarfe a bakin layi, ya ce ƙarfe 11 ake rufewa, akwai 'yan banga kowane gida na bada nasa duk wata, sata ana yi kamar ko'ina musamman waya, amma su wan-cans ɗin a kan babban titi suke, don haka kar in kuskura in tare mota a hanya, in shiga tasha ko da an ƙara min kuɗi. Islamiyya na nan bayan masallacin, na ji yara na hadda, maƙwabcin gidan kuma Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, har ya fito muka gaisa da Hausa ya ce matarsa malamar firamare ce. Sai Baba ya ƙara da cewa "Ɗana, kar ka yanke hukunci yau, gobe Litinin ka bi hanya tukunna."

Na kwana ɗakin ɗan kawuna. Ƙarfe 5 da rabi muka fito bayan asuba, na ɗauka mun yi sammako, ashe mutane sun riga mu, titi ya cika maƙil tun daga Sharp Corner, ma'aikata da kayan ofis a tsaye suna rububin mota, mata da jakunkuna, wasu yara da yunifom suna gyangyaɗi a cinyar iyayensu a cikin bas. Duk mutanen Masaka da Ado da One Man Village da Keffi hanyar nan ɗaya suke bi su shiga Abuja, kuma kowa lokaci ɗaya. Tafiyar da na yi jiya cikin minti 20 sai da ta ci mana kusan awa biyu, a hawan Kugbo wata tirela ta mutu a tsakiya muka tsaya cak, zafi, hayaƙi, wani bawan Allah kusa da ni yana ta duba agogo yana istigfari. Da yamma na sake gwadawa daga sakatariya wajen ƙarfe 5, isha'i a Mararaba na yi ta.

A cikin motar nan ne na gane tsoron da aka cika min ciki da shi ba shi ne abin tsoron ba. Ɓarawo ana rufe masa ƙofa, ƙazanta ana matsawa daga bakin titi. Amma uban da zai fita yaransa na barci ya dawo suna barci kwana biyar a sati, wa zai duba musu karatu, wa zai kai ƙaramar asibiti in zazzaɓi ya tashi da rana ni ina can bayan Kugbo? Abin ya tsaya min a rai sosai, don babban ɗana shekararsa 11, lokacin da yake buƙatata kenan. Sai dai kuma in na bar su a Kaduna ko fuskarsu a barcin bazan gani ba sai Juma'a, ga hanyar Kaduna kullum zuciya a hannu.

Talata da safe na koma gida na uku, na roƙi mai gidan ya riƙe min zuwa ƙarshen wata, na bada kafin alƙalami. Na shiga Islamiyyar na tambayi yadda ake ɗaukar yara, na duba firamaren da matar maƙwabcin ke koyarwa, tafiyar ƙafa ce ba sai sun tsallaka babban titi ba. A jirgin dawowa na kira maman yara na ce ta shirya ranar Lahadi mai zuwa zamu zo tare ta buɗe famfon da hannunta, mu kwana, Litinin da asuba kuma ta bi ni mu shiga motar Nyanya.