Cocin da mutanen gari suka fansa da kuɗinsu

Jiya na je Tewkesbury, wani ƙaramin gari a yammacin Ingila, har yanzu ginin tsohon cocin garin, Tewkesbury Abbey, bai fita raina ba. Asalinsa gidan zuhudu ne na Katolika, na mabiya tsarin Benedict, an keɓe cocinsa a 1121. Da na dafa ɗaya daga cikin ginshiƙan ciki, sanyin dutsen ya ratsa tafin hannuna. Kaurinsa kuwa, mutum biyu ba za su rungume shi ba.

Lokacin da Sarki Henry na 8 ya ɓata da Fafaroma ya shiga rufe gidajen zuhudu, abin ya iso kansu a 1540. Aka sallami 'yan zuhudun, aka rushe wasu sassan. Sai mutanen gari suka tashi tsaye, suka ce ai nan suke ibada. Suka haɗa fam 453, kuɗin ƙararrawa da darmar rufi da sarki zai narkar, suka fanshi cocin. Wannan ne ya fi taɓa ni, gaskiya.

Yau cocin Anglika ne. Na tarar ana gyara furanni, wani dattijo yana jera littattafan waƙa saboda sujadar yamma.