Alawar da ke cikin gwangwanin shayi

A shekarata ta huɗu ta karatun likita a Shenyang, arewa maso gabashin Sin, na fara aikin sa-kai a wani ɗan ɗakin gwajin HIV. Duk Asabar nake zuwa: in cika fom, in soki yatsa, in ɗiga jini, mu jira minti 15.

A mako na uku wata doguwar mata ta shigo, ta naɗe wuya da jan mayafi saboda sanyi. Ta miƙo katin shaidarta. Na ga an rubuta namiji, sai na ɗaga murya na kira sunan da ke jiki, gaban mutum biyar da ke zaune a benci. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi katinta ta fice.

Ma'aikaciyar da ke koya mini aiki ta ja ni gefe. Ta ce a nan tambayar farko ita ce "yaya kike so a kira ki?" A Sin ba a canza jinsin da ke kan kati sai an yi tiyata, kuma ko lambar katin tana tona asiri: cikin lambobi 18, ta 17 in ta zama 1, 3, 5, 7 ko 9, namiji ke nan. Tiyatar kuwa sai mutum ya kai shekara 18 (kafin 2022, 20 ce), ba shi da aure, ya kuma kawo shaidar ya sanar da danginsa na jini. Da yawa daga masu irin halinta an haife su zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya a Sin, su kaɗai iyaye ke sa wa ran jika. Ta ina za su fara?

Da farko 'yan daudu na kawo a raina, amma ba ɗaya ba ne. Su suna kiran kansu *kuaxingbie*, masu ƙetare jinsi. A titi kuwa *renyao* ake jifansu da shi, wato mutum-dodo. Abin da ya ɗaure mini kai, a garin nan aka haifi Jin Xing, 'yar rawar da ta yi tiyata a 1995, wadda miliyoyi suka riƙa kallo a talabijin.

Bayan wata guda matar mai jan mayafi ta dawo. Na ce mata *jiejie*, wato yaya, na ba ta haƙuri. Gwaji ya nuna ba ta da cutar, amma ba ta tashi ba. Ta fito da gwangwanin shayi daga jaka ta buɗe: ƙwayoyin estradiol (homon, wato sinadarin jiki, na mata) da cyproterone (mai danne na maza), wasu babu ko takarda. *Tang* suke ce musu, alawa. Shekara uku tana sha, ba a taɓa auna jininta ba. Tun Disambar 2022 da aka hana sayar da su ta intanet, a hannun dillalan waya take saye. Gabana ya faɗi, domin cyproterone na iya taɓa hanta, estradiol kuma in ya haɗu da taba yana ƙara haɗarin daskarewar jini, ga shi ina jin warin sigari a rigarta.

Nan na gane kuskurena ya wuce na suna. Mu HIV kaɗai muke nema a jikinta, fom ɗinmu ma a layin maza masu neman maza yake sa ta, alhali abin da ke hana ta barci daban ne. Ni Musulma ce, na san abin da na taso a kai, amma hantar da ke lalacewa a gabana amana ce.

Na rubuta mata gwajin hanta da na homon. Ta ce asibiti take tsoro, saboda allon da ke nuna sunan mai layi. Ranar Talata na raka ta. Da tsohon sunan ya haska, ni na fara miƙewa. Idanun jama'a suka koma kan baƙar mace mai hijabi, ita kuma ta bi bayana muka shige. Sakamako ya nuna hantar ta fara wahala. Likita ya rage mata cyproterone, ya ce ta dawo bayan wata uku.