Tuwo za a bari ko mai? Maganar rage ƙiba da lafiyar zuciya

Wannan gardamar ta masu rage ƙiba ta daɗe tana damuna wallahi. Wasu sun ce a yanke tuwo da shinkafa da burodi kwata-kwata, abin nan da ake kira keto, a ci nama da ƙwai da mai son rai, wasu kuma sun ce a'a ai mai ne matsalar, ko cokali ɗaya kar ya shiga miya.

To an gwada fa. A jami'ar Stanford ta Amurka, Christopher Gardner da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 609 masu ƙiba suka raba su gida biyu, waɗannan su rage sitaci waɗancan su rage mai, har shekara guda cur, aka fitar da sakamakon a 2018. Masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage mai kilo 5.3, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Kuma a kowane ɓangare akwai waɗanda suka zube sosai akwai waɗanda ƙaruwa ma suka yi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne duka ɓangarorin an ce musu su rage suga da kayan fulawa, su ci ganye da yawa, su riƙa girki a gida, ni a ganina nan aikin yake. Akwai dai wani binciken na jami'ar Tulane a 2014, mutum 148, can masu rage sitaci sun fi saukewa da kilo 3.5, amma shi ƙarami ne.

Saurin ramar satin farko kuwa da take sa mutane murna, yawanci ruwa ne. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka tare da ruwa, in ka daina cin sitaci ajiyar ta ƙare ruwan ya fita, sikeli ya nuna ka ragu alhali tumbin yana nan.

Zuciya ita ce ta fi damuna. Rage sitaci yana sauke kitsen da ke yawo a jini, yana kuma ɗaga kolestarol mai kyau, HDL. Rage mai shi kuma ya fi sauke LDL, wanda shi ne yake taruwa a hanyoyin jini ya toshe su. Shi ya sa hankalina baya kwanciya in na ga mutum ya bar tuwo ya koma kan tsire mai kitse da man shanu da soyayyen ƙwai safe da dare yana cewa ai yana ramewa, eh kana ramewa amma ka je an auna maka jini kuwa? Mai ma kala-kala ne. Kusan rabin manja irin kitsen nan ne mai daskarewa, wato wanda yake ɗaga LDL, man shanu ma ya fi haka, shi kuwa man gyaɗa yawancinsa ba mai daskarewa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mai daskarewar kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake ci a rana, gishiri kuma ƙasa da giram 5, mu da muke zuba dunƙule huɗu biyar a tukunya ɗaya ga hawan jini ya yi yawa a gidajenmu.

Sannan mu faɗi gaskiya, wa zai iya shekara ba tuwo da wannan tsadar nama da kifin? Gara a rage malmala daga biyu zuwa ɗaya, a cika kwano da zogale ko rama ko alayyahu, a ƙara wake, gero da dawa a bar su da dusarsu, lemon kwalba da sugan shayi da na fura su za a fara sallama. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan magani kuma don Allah kar ya yanke sitaci kai tsaye sai ya ga likitansa an daidaita masa maganin, don sugan zai iya faɗuwa ƙasa har ya suma.